Binciken ɗalibi ya fi "gogewar" da ake tutiya da ita a kotu

Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan Adam da Shari'a ta Amurka tana karrama ɗaliban da suka yi fice a kundin digirinsu na uku kowace shekara, kuma da zarar an taɓo zancen irin wannan lambar yabo sai tsohon ƙorafin nan ya taso, cewa wai kotu ba ta da bukatar binciken ɗalibi, gogaggen ƙwararre take so, wanda ya yi shekara da shekaru yana zama da masu laifi ido da ido. Wannan magana tana ba ni haushi, domin masu yin ta sun kau da kai daga irin ɓarnar da wannan gogewa ta taɓa yi a gaban alƙalai.

A shekarar 1983, a shari'ar Thomas Barefoot, wanda aka samu da laifin kisan kai, Kotun Ƙolin Amurka ta amince da shaidar likitocin ƙwaƙwalwa biyu da suka ce mutumin zai ci gaba da zama haɗari ga jama'a, alhali babu ɗayansu da ya taɓa duba shi. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasar da kanta ta shaida wa kotun cewa irin wannan hasashe yakan kuskure sau biyu cikin uku. Duk da haka aka zartar wa Barefoot hukuncin kisa a 1984. Waɗancan likitoci ba ɗalibai ba ne, gogaggu ne, kuma ƙarfin halin da suka yi magana da shi ne ya ruɗi masu yanke hukunci.

Abin da ya fara rage irin wannan ganganci shi ne gwaji mai tsari, wanda ake ƙirga sakamakonsa. A 1996 Saul Kassin da Katherine Kiechel suka zaunar da mutane a gaban kwamfuta, suka ce su riƙa buga haruffan da ake karanto musu, tare da gargaɗin kada su kuskura su taɓa wani maɓalli guda domin na'urar za ta lalace. Can sai kwamfutar ta mutu, kamar yadda aka riga aka shirya, aka dubi mutum aka ce shi ne ya taɓa. Babu wanda ya taɓa maɓallin, amma kashi 69 cikin ɗari suka sa hannu a takardar amsa laifi, wasu ma har suka yarda a ransu cewa sun aikata. Masu cewa lalata kwamfuta daban, amsa babban laifi daban, sai su tuna da samarin nan biyar da suka amsa laifin far wa wata mata a filin shaƙatawa na Central Park da ke birnin New York a 1989, sannan aka soke hukuncinsu a 2002 bayan gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna wani mutum ne daban.

Haka batun shaidar gani da ido. Ronald Cotton ya shafe fiye da shekara 10 a kurkuku a Karolina ta Arewa saboda matar da aka yi wa fyaɗe ta nuna shi da cikakken yaƙini, sai a 1995 aka wanke shi. Binciken masana ne ya nuna cewa ɗan sandan da ya san wanda ake zargi yana iya karkatar da shaida ko da bai yi niyya ba, shi ya sa tun 2001 jihar New Jersey ta fitar da ƙa'idar cewa wanda bai san ko wane ne ake zargi ba shi zai jera mutane a gaban shaida domin shaidar ya nuna mai laifin a cikinsu. Wanda ya san yadda jami'a take aiki ya san cewa a irin waɗannan gwaje-gwaje ɗalibai ne ke nemo masu shiga, su tattara bayanai, su kwana a kan lissafi, sunan farfesa kuma ya fito a gaba. Idan an ware rana guda an ambaci sunan ɗalibin shi kaɗai, ai haƙƙinsa aka ba shi. Zancen cewa lambar yabo tana haifar da gasa marar amfani bai kai a tsaya masa ba.

Inda nake da ja shi ne da abin da alƙalan irin waɗannan gasa suke sha'awa. A 2015 wata gamayyar masana ta sake gudanar da bincike 100 da aka wallafa a manyan mujallun nazarin halayya, kuma kusan kashi 36 cikin ɗari ne kawai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi. A wani fannin wannan abin kunya ne kawai, amma a fannin da lauya zai ɗauki takarda ya karanta wa alƙali, kuskure yana nufin ɗaurin wanda bai ji ba bai gani ba. Kwamitin da ke rawar jiki a kan sakamako mai ban mamaki, ya tsallake ɗalibin da ya sake gwada tsohon iƙirari ya gano ba shi da tushe, yana koya wa matasa ɗabi'ar da ta jawo wannan matsala tun farko. Kamata ya yi a ware kaso na musamman ga masu maimaita bincike, a sharɗanta wa mai neman lambar ya bayyana tsarinsa kafin ya fara tattara bayanai, a kuma sa lauya mai kare waɗanda ake tuhuma a cikin masu tantancewa.