Mai Kai Biyu da Gwangwanin Maigida

(Da safe. Yaro ya gama shara, ya miƙa wa Maigida kwamfuta yana washe baki. Sarkin Gardama na zaune a gefe, ba wanda ya kira shi.)

YARO: Maigida, ga fanoramar da ka sa ni, hoton nan mai faɗi da ake haɗawa daga hotuna da yawa. Hoto takwas na haɗa.

MAIGIDA: Wannan bawan Allah mai kai biyu fa, ɗan wace ƙasa ne?

YARO: Salo ne, ranka ya daɗe. Gwaji ake ce masa.

MAIGIDA: Sandar fitilar nan da ta karye a tsakiya, ita ma gwajin take yi?

SARKIN GARDAMA: Kyamarar ce ba ta da kyau. Ni tun daga nan na gane.

MAIGIDA: Malam, kyamara lafiyarta ƙalau. Kai yaro, miƙe babban yatsanka ka saita shi da ƙofar can. Rufe idon dama. To buɗe, rufe na hagu. Me ka gani?

YARO: Yatsan ya yi tsalle.

MAIGIDA: Yatsa na nan inda yake, wurin kallon ne ya sauya. Abin da ka yi wa kyamara ke nan. Ka riƙe ta a hannu kana juya jikinka gaba ɗaya, idonta na yawo, abin kusa na gocewa daga na nesa. Manhaja ta rasa wanda za ta bi, sai ta karya sanda. A kan wani gurbi da ke cikin gilashin idon ake juyi, ba a kan ramin kusar da ke gindin kyamara ba.

YARO: Ina zan ga gurbin, tunda a ciki yake?

MAIGIDA: Lalubo shi ake yi. Ɗora ta a kan mai ƙafa uku, da ƙarfen nan mai zamewa gaba da baya. Kafa sanda kamar mita ɗaya a gabanka, ta rufe wata sandar can nesa. Juya hagu, juya dama. In sun rabu, matsa kyamarar 'yan milimita ka sake. Inda suka daina rabuwa, nan za ka ja alama. In tsaunuka ne can nesa, babu komai kusa, ka huta da wannan wahalar.

SARKIN GARDAMA: Ni wayata ba ta san duk wannan bidi'ar ba.

MAIGIDA: Shi ya sa karen da ke hotonka yake da ƙafa shida. Waya sirara-sirara take yankowa tana liƙawa. Abin da ke tafiya inda hannunka ya nufa sai ya miƙe kamar igiya, wanda ya yi kishiyar hanya kuma ya tsuke. Yaro, sararin saman nan fa? Nan fari, nan shuɗi, nan kamar hadari.

YARO: Na bar ta ta zaɓi haske da kanta, ai ta fi ni ilimi.

MAIGIDA: A nan kam ka yi gaskiya. Amma kowane hoto ta yi masa nata awon daban. Ka auna ɓangaren da ya fi haske, ka sa buɗewar ido a f/8 da ƙarfin jin haske a ISO 100, ka kulle saurin ɗauka, ka kulle launi, ka kulle fokas. Sannan ka cire gilashin kashe ƙyallin nan. Ya fi duhunta sama a digiri 90 daga rana, ka ga ana juyawa dole ya bar maka tabo.

YARO: To hoto nawa zan ɗauka?

MAIGIDA: Ido mai milimita 24 a kan kyamara mai cikakkiyar firam, wato mai babban faifan kama hoto, ka tsayar da kyamarar a tsaye, tana cin kusan digiri 53. Kana juya digiri 36 kowane ɗauka, hoto 10 sun zagaye duniya, kowanne ya hau kan ɗan'uwansa kusan kashi ɗaya cikin uku. A wannan hawan ne manhajar haɗa hotuna irin su Hugin ko PTGui ke samun abin kamawa. Kuma kumfar awon nan ta tsaya tsakiya, in ba haka ba ƙasa ta fito tana rawar maciji.

SARKIN GARDAMA: Duk wannan aikin malamai ne. Ni so nake in fito sau biyu a hoto ɗaya, kowanne da kansa guda.

MAIGIDA: Wannan tsohon wasa ne. Tun zamanin kyamarar Cirkut, wadda aka yi wa rajista a Amurka a 1904, ana yi. Ita da kanta take juyawa a hankali, fim na wucewa ta bayan siririyar kafa. Sai mutum ya tsaya a wannan bakin layi, da ta wuce shi ya ruga ya tsaya a wancan. Da waya ma haka: ka tsaya a hagu, ta wuce ka, ka zaga ta bayan mai ɗauka, ka riga ta isa dama.

SARKIN GARDAMA: Ni da gudu? Ita ta jira ni mana.

MAIGIDA: In ta gabanta ka bi, ka zama ƙanin mai kai biyu.

YARO: Maigida, wanda gari ke dunƙulewa kamar ƙwallo fa?

MAIGIDA: Sai zagaye cikakke, digiri 360, bakin hagu ya dace da na dama. Ka ja hoton tsawo da faɗi su zo ɗaya, ka kifa shi, ka sa masa Polar Coordinates, umarnin da ke naɗe hoto ya zama da'ira a manhajar gyaran hoto. In ka manta kifawa, sama ce za ta shige tsakiya, ka samu rijiya.

SARKIN GARDAMA: Ba dai sai da kyamara mai tsada ba.

MAIGIDA: Gwangwani ma ya isa. Ka sami dogo, ka huda gefensa da tsinin allura, kamar milimita 0.3, ka goge bakin hudar. A wuri mai duhu ka lanƙwasa takardar wanke hoto ta baƙi da fari a ciki, fuskarta na kallon hudar, kar ta toshe ta. Lanƙwasar ce ke ba da faɗin. Ka naɗe murfi da baƙin salatif, ka ɗaure shi tamau yana kallon hanyar rana, daga 21 ga Yuni zuwa 21 ga Disamba. Kullum rana ta ja layinta guda, inda girgije ya rufe ta layin ya yanke. Ba a sa masa ruwan wanki. Sikana sau ɗaya tak, don haskenta na ɓata takardar, sannan ka juya launin a kwamfuta. Kar ya motsa, kar a buɗe. Nawa na can jikin taga, saura kwana tara.

YARO: (a hankali) Mai baƙin salatif?

MAIGIDA: Shi.

YARO: Wanda aka ɗaure da waya har zagaye uku?

MAIGIDA: Yaro, me ya faru?

YARO: Babu komai a ciki fa, ranka ya daɗe, na duba da kyau a rana. Takarda ce kawai. Da ita ma na goge gilashin tagar.

SARKIN GARDAMA: Ai dama na faɗa muku kyamarar ba ta da kyau.