Zuwa ga sabon malamin aikin sa-kai

Akwai wani bawan Allah da ya wayi gari ya zama mai wa'azin sadaukarwa. Da zarar an ce mutanen da ke riƙe da zauruka a intanet, masu kwana suna goge zagi, suna korar 'yan damfara, suna amsa tambayoyin baƙi, sun cancanci wani kaso daga ribar da kamfani ke kwasa, sai ya taso da dogon rubutu. Wai kwaɗayi ne. Wai aikin al'umma ba a yi masa farashi. Ban kama suna ba, kada wani ya zo yana huci.

Hujjarsa ɗaya ce kullum: babu wanda ya tilasta musu. To, ba shi ya fara faɗar haka ba. A 2011 kamfanin intanet na Amurka, AOL, ya sayi jaridar Huffington Post a kan dala miliyan 315. Marubutan da suka shekara da shekaru suna cika ta da rubutu kyauta suka garzaya kotu suna neman dala miliyan 105, a 2012 alƙali a New York ya kori ƙarar, ya ce da idonsu biyu suka shiga, sun san babu biya. A shari'a sun faɗi, ban musa ba. Kotu alkawari take dubawa, kunya ba aikinta ba ce. Sai dai mutumin namu ba ya taɓa ambaton ɗaya shari'ar, wadda masu kula da ɗakunan hira na AOL ɗin dai suka shigar a 1999, aka yi ta ja kusan shekara goma, daga ƙarshe kamfanin ya sasanta da su a kan dala miliyan 15.

Ya fi son ya kawo misalin Wikipedia, wai ga mutane can suna rubutu don Allah. Haka ne. Amma Wikipedia ba ta sa talla, gidauniya ce ke riƙe da ita da gudummawar jama'a, babu mai hannun jari da ke jiran riba a ƙarshen shekara. Ya je ya duba Reddit, dandalin tattaunawa da 'yan sa-kai ke gadin zaurukanta. A watan Yunin 2023 dubban zaurukanta suka rufe ƙofa don nuna fushi kan wani sabon tsarin kamfanin, shi kuwa ya ƙi sauka daga matsayinsa. A farkon 2024 aka ji ya ƙulla da Google, kusan dala miliyan 60 a shekara, domin a riƙa horar da ƙirƙirarriyar basira da hirar mutane. Da kamfanin Reddit ya shiga kasuwar hannun jari a watan Maris, tukuicin da aka yi wa masu gadin shi ne damar su sayi hannun jari da kuɗin aljihunsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ni ma na san kuɗi na iya ɓata wuri. Tun da X, wato tsohon Twitter, ya fara biyan masu rubutu a 2023, wasu suka mayar da tsokanar faɗa sana'a. Wannan matsalar yadda ake rabon ce. YouTube na ba masu bidiyo kashi 55 cikin 100 na kuɗin talla, kuma har yau bai talauce ba.

Abin da ke ba ni dariya kuwa, shi mai wa'azin ba a taɓa ganin ya yi wa kowa rubutu kyauta ba. Talla ba ta yankewa a shafinsa. Yaran da ke tace masa saƙonni har tsakar dare, "Allah ya saka da alheri" ce albashinsu, ko kuɗin data babu, ranar da ɗayansu ya yi ƙorafi kuma aka tsige shi, aka ce ba shi da kishin al'umma. Ashe ba kamfanonin yake karewa ba, tsoro yake kada tambayar ta iso ƙofarsa.

Kafin ya sake kiran wani makwaɗaici, ya daure ya wallafa abin da ya shiga asusunsa daga talla a bara, da abin da ya fita zuwa hannun masu yi masa aiki. Idan lissafin ya yi masa wuya, akwai masu taya shi, kuma ba za su yi kyauta ba.