Ranar da inuwa ta ƙi zuwa lakwal

A taron CAPED da muka yi, wato taron da mu malaman lakwal ke yi don ƙara ma juna sani, wani abokin aikinmu ya tashi yana ta cika baki wai shi ya daina koya ma ƴan CM2, ajin ƙarshe na firamare, lissahi cikin kilas, hilin lakwal yake hita da su. Har ya raba mana fish ɗinshi, wato takardar shirin darasi, kowa guda, ta auna tsawon icce ba tare da an hau ba. Abin ba wuya a takarda: ka kafa sanda mai mita 1, ka auna inuwarta, ka auna inuwar iccen, in inuwar sanda mita 2 ce ta icce kuma mita 16, to icce mita 8 ke nan. Na ce kai wannan ai har konseye, mai zuwa duba aikin malamai, sai ya sara mini.

To ranar da konseye ya ce zai zo karhe 10 na shirya komi, sanda, igiya, mita da na aro wajen tela. Ƙarshen Afrilu ne hwa, Tawa kuma kun san ta, zahi ya wuce 40 tun hantsi. Bawan Allah bai iso ba sai sha biyu ta gota, wai moto ɗinshi ya yi faci. Na kwashi yara sama da 70 muka nuhi iccen dogon yaron da ke bakin ƙofa, na kafa sanda da ƙarhin gwiwa na ce wa zai auna mana inuwa?

Shiru. Wata yarinya ta duƙa ta leƙa ta ce Mushe babu. Na ce mi ne babu? Na duƙa ni ma, wallahi ɗan abin da ke gindin sandar bai kai ɗan yatsa ba, don a ƙarshen Afrilu rana bisa tsakar kanmu take bi a Tawa, shi ko dogon yaro ya tattara tashi inuwar ƙarƙashinshi inda awakin unguwa ke kwance suna tuƙa, lakwal ɗinmu ba katanga. Na hau bayani da faransanci mai tsawo ko inuwa za ta ji kunya ta hito, zuhwa na zuba cikin ido, konseye na ta rubutu cikin kaye, ban san mi yake rubutawa ba tunda ba abin da ya faru.

Ina cikin haka sai na ji murya daga sama, Mushe riƙe ƙasan! Wani ɗan banzan yaro ya riga ya haye da igiyata, yana can reshen ƙarshe yana lilo. Awaki suka watse, guda ta bi ta tsakanin ƙafahun konseye. Baba gardi ya taso daga tabarmarshi ya ce ɗana wahalar mi kuke sha, ni na shuka iccen nan ranar 3 ga Agusta, gaba biyar ne, ku tambaye ni mana. Yara duka suka rubuta gaba 5 bisa ardwaz suka ɗaga sama.

Da marece na kira mai fish ina huci, ya ce a'a Mushe, ni ai cikin Disamba na yi tawa da sahe, lokacin inuwa har ta yi yawa. Wai in kwantar da hankalina, taro mai zuwa zai kawo mana ta auna zurhin rijiya.