Hayaƙin bola ya ishe mu

Kullum da an idar da sallar magariba sai wani ya cinna wa bolar bayan layinmu wuta, nan unguwar Garin Malam a Damagaram. Ledoji, tsofaffin silifas, mataccen batir, har guntun taya, duk a haɗe. Yanzu da sanyin hunturu ya sauka, hayaƙin ba ya tashi sama, kwantawa yake a kan unguwa har asuba. Inna tana da ciwon fuka. Daren jiya ni na kwana ina yi mata fifita tana kokawa da numfashi, ƙofa da taga a rufe, amma ƙaurin ya biyo mu har ƙuryar ɗaki.

Da safe na sami maƙwabcinmu na ce, "Baba, don Allah a daina ƙona ledar nan." Ya ce, "To ɗana, ina za mu kai ta? Masu kwasa ba su zuwa." Ban musa ba, gaskiyarsa ce. Amma wuta ba ta cinye leda, gubar da ke ciki take saki mu shaƙa, tokar kuma ruwan damina ya kwashe ta zuwa tafki. Tun 2014 aka kafa dokar hana irin wannan leda a Nijar, ga ta har yau ana ƙulla ƙosai mai zafi a cikinta a kasuwar Dole. Wasu matan ma da ita suke hura gawayi, da goyo a baya!

Mu 'yan fadarmu ta hira mun fara bi gida-gida, kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa a biya mai amalanke ya riƙa kwashe sharar. Ran Juma'a za mu roƙi liman ya tsawatar a huɗuba.