Don Allah a dinga buɗe ma pompiye hanya

Jiya da la'asar ina bisa kabu-kabu wajen babbar kasuwa sai ga motar pompiye, wato 'yan kashe gobara, tana ta jiniya, wallahi mutane ko a jikinsu, mai adaidaita ya tsaya tsakiyar hanya yana cinikin kuɗin fasinja, mai amalanke na tafiyarshi, sai da wani dattijo ya daka tsawa kana aka matsa. Abin ya tsaya mini a rai har dare.

Mu 'yan Maradi bai kamata a tuna muna amfanin mutanen nan ba. Watan Nuwamba 2021 ramin zinariya ya rufta da mutane a Garin Liman wajen Dan Issa, washegari wuta ta kama azuzuwan zana na wata lakwal cikin garin nan, yara ƙanana sama da 20 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Ga ruwan ƙarshen Agusta 2024 da ya rushe gidajen ƙasa cikin unguwanni. Duk ranar da irin wannan ta faru lambarsu ta 18 muke bugawa, mu muna gudu waje su suna kutsawa ciki, kuma su ma suna da mata da ɗiya a gida masu jiran dawowarsu.

Na san me za a ce, wai ba su zuwa da wuri, wai ruwan motar ya ƙare ana tsakiyar aiki. Yana faruwa, amma wa ya gina shago ya cinye rabin lungu har mota ba ta iya shiga? Wa ke cika wurin gobara da waya a hannu yana ɗaukar bidiyo? Ga yaran da ke kiran lambar don wasa, wannan kam laifinmu ne iyaye. Mota ɗaya iyakar ruwan da ta ɗauko ke nan, in ya ƙare dole a koma a ciko, zagi ba ya cika tanki.

Ni dai na gode muku pompiye, da direbobin ambilas masu kwasar 'yan hatsari bisa hanyar Zinder cikin dare, da ma'aikatan likita masu kwana a gadi, da samarin unguwa masu rugowa da bokiti kafin kowa ya iso. Allah ya saka da alheri, ya maida ku gida lafiya.

Shi ko dattijon nan na jiya ban san sunanshi ba, Baba in wani ya karanta maka wannan, na gode.