Rasitin dillali ba lasisi ba ne: ga masu ajiye jimina da gauraka a Zariya

Yanzu ya zama yayi, mai wurin shaƙatawa ko ɗakin biki a Zariya yana son baƙi su shigo su tarar da ɗawisu yana jan jela a farfajiya, jimina biyu a bayan waya, wani ma har da kada a kwamin siminti. Son haka ba laifi ba ne. Yara suna murna, ranar Sallah kuɗin ƙofa yana shigowa. Amma ka ce wa mai wurin, "Alhaji, ina takardun dabbobin nan?" abin da zai zaro maka shi ne satifiket ɗin CAC da rasitin dillali. CAC sunan kasuwancinka ta yi wa rajista, ba ta san kana da kura a bayan gida ba. Rasitin kuwa, in dabbar haramtacciya ce, shi ne shaidar farko da za a kafa a kanka.

Hannu uku ke riƙe da wannan al'amari, kuma takardar ɗaya ba ta tsaya wa ɗaya.

Na tarayya shi ne dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985. Tana da jadawali biyu. Dabbar da ke jadawali na farko an haramta farautarta, kama ta da cinikinta gaba ɗaya. Ta jadawali na biyu sai da lasisi. Hukuncin kuma bai tsaya kan mai sayarwa ba, ya haɗa da wanda aka samu dabbar a hannunsa. A da tarar naira 1,000 ce, abin da ya sa dillalai suka raina ta, amma gyaran 2016 ya ɗaga ta zuwa miliyoyi. Sashen kula da namun daji na Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ke ba da izini, hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli ke bin sawu.

A bayan wannan akwai yarjejeniyar CITES ta 1973 kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, wadda Najeriya ke ciki, kuma a nan ne mutanenmu suka fi faɗawa rami, don dabbobin da muka fi ɗauka na gida su ne a jerin farko mafi tsanani. Aku mai toka-toka da jan bindi ya koma jerin farko a taron Johannasbag na 2016. Gauraka ya bi shi a taron Janeba na 2019. Jiminar da asalinta daga dajin Najeriya, Nijar, Chadi ko Kamaru take, ita ma tana can. Wato gaurakan nan mai tukku kamar zinariya da aka yanke wa fiffike yana zagaye tsakar gidan mai kuɗi, a takarda matsayinsa ɗaya da gwaggon biri irin gorila. Dalilin a fili yake: ba ya yawan hayayyafa a tsare, saboda haka kusan duk wanda ka gani a kasuwa daga fadama aka ɗauko shi.

Hannu na biyu na jiha ne. Kaduna ta gaji Dokar Namun Daji ta Jihar Arewa ta 1963, wadda ta kasa dabbobi gida-gida gwargwadon kariyar da ake ba su, kuma izinin riƙe naman daji a tsare yana fitowa ne daga sashen gandun daji na ma'aikatar muhalli. Kejin da za ka gina da bulo gini ne, hukumar tsara birane ta jiha, KASUPDA, na da ta cewa a kai. Ruwan kwamin kada da kashin dabbobi kuma maganar hukumar kare muhalli ta jiha, KEPA, ce.

Na uku shi ne wanda kowa ya manta. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya sa kula da zirga-zirga da ajiye dabbobin sha'awa kowane iri cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Ke nan ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari suna da hurumi tun asali. Ra'ayina shi ne a nan gyaran ya kamata ya fara, don jami'in da ke Abuja ba zai taɓa sanin an kawo kada bayan Kwangila ba, amma mai unguwa zai sani kafin la'asar.

Wanda ke son yin abin a kan hanya, kada ya fara da sayen dabba. Ya fara da sunanta na kimiyya, don a bakin dillali kunkuru kunkuru ne, alhali a doka kowane iri da jerinsa. Sai ya nemi shaidar asali: gonar da aka ƙyanƙyashe ta, da alamar da ke jikinta. Aku haifaffen gona yana da rufaffen zobe a ƙafa wanda aka zura masa tun yana ɗan tsako, kuma ba ya shiga ƙafar babba. In ka ga zoben yana da tsaga an matse shi da filaya, daga baya aka sa. Ga manyan dabbobi akwai ƙwayar lamba da ake dasawa ƙarƙashin fata, a karanta da na'ura, lambar ta dace da ta takarda. In daga waje za a shigo da ita, izinin shigowa na sashen dabbobi na tarayya yana zuwa kafin dabbar ta hau jirgi, sannan jami'an NAQS, hukumar killace dabbobi da tsirrai, su duba ta a bakin iyaka. Bayan nan ne gini, sai likita ya duba, sai dabba ta iso.

Da ta iso a keɓe ta kwana 30, nesa da sauran, da kwanonta da tsintsiyarta. Mu a nan bai kamata a yi mana dogon bayani ba: murar tsuntsaye ta H5N1 a karon farko a Afirka an tabbatar da ita ne a wata gonar kaji a Jaji a Fabrairun 2006, a kan hanyarmu ta zuwa Kaduna. Aku yana ɗaukar cutar da ke kama huhun mutum, kunkuru yana ɗauke da ƙwayar cutar salmonela a jikinsa ba tare da ya nuna ciwo ba, kuma shi ne yara suka fi shafawa sannan su koma kan tsirensu. Asibitin koyarwa na dabbobi na ABU yana nan Samaru, babu uzurin jinkirta kiran likita har sai dabba ta kwanta.

Yawancin asarar ma ba hukuma ke jawo ta ba. Jimina tana haɗiye duk abin da ke walƙiya, ƙusa, guntun waya, marfin lemo, leda, sai cikinta ya cushe ta daina cin abinci. Filinta na buƙatar shara kullum da shinge mai tsayin mita 1.8, ba na waya mai ƙaya ba. Gaba take harbi, namiji kuma in ƙwaurinsa da bakinsa suka yi ja lokacin barbara, ba a shiga masa. Akun da aka ɗora kan gyaɗa zalla sinadarin ƙashi yake rasawa har ya riƙa faɗowa daga kan sanda yana karkarwa, gyaɗar da ta yi fumfuna kuma huhunsa take ci. Dabba mai cizo kuwa, kejinta ɗaki biyu ne da ƙofar zugewa a tsakani wadda ake ja daga waje, a kulle ta a ɗaya kafin a shiga share ɗayan. A 2024 kaɗai zakuna sun kashe masu kula da su biyu, ɗaya a Ile-Ife, ɗaya a Abekuta, duka a lokacin ba da abinci, kuma waɗannan mutane ne da suka san aikin.

Abin da nake roƙon shugabannin ƙananan hukumominmu da kansiloli, ranku ya daɗe, ba sabon haraji ba ne, don da an mayar da shi hanyar tara kuɗi kowa zai ɓoye dabbarsa. Littafin rajista ne a sashen noma: sunan mai wuri, unguwa, irin dabba da adadinta, lambar zobe, kofin izinin jiha, sunan likitan da ke zuwa, da lambar wayar da maƙwabta za su kira in an wayi gari kwamin kada babu kowa a ciki. A duba sau ɗaya a shekara, makonni kaɗan kafin ƙaramar Sallah, kuma gardawa masu yawo da kura da macizai a kasuwanni su ma a rubuta su.