Sabon faifan Mdou Moctar da kuntigin da muka jingine a lungu

Tun da Mdou Moctar ya saki faifansa Tears of Injustice a farkon 2025 nake ta maimaita shi a waya, kuma duk sanda na kunna sai hankalina ya koma kan namu mawaƙan na gida, musamman yaran nan da ba su da kamfani ba su da ubangida, su ne rubutu su ne biyan kuɗin situdiyo su ne talla.

Ga wanda bai san shi ba, Ba'abzine ne ɗan Nijar, bahago, da Tamashek yake waƙa, yana yaro da hannunsa ya harhaɗa gitarsa ta farko da wayar birkin keke. Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya ritsa da shi da yaransa suna yawon wasa a Amurka, aka rufe iyakoki ba halin komawa gida, to a wannan zaman jiran ne suka shiga situdiyo a New York suka haɗa wannan faifan, wato suka sake ɗaukar waƙoƙin faifansu Funeral for Justice, amma da gitar da ba ta amfani da lantarki, a hankali, kamar ana hira a tsakar gida bayan isha'i. Wallahi ko ba ka jin yaren za ka ji kewar gida a muryar.

Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da fiyano da na'urar gyaran murya irin ta waƙoƙin finafinanmu. Daga nan waƙoƙin suka dinga yawo daga waya zuwa waya ta bulutut da memori, ba wanda ya biya shi ko sisi, har wani Ba'amurke Christopher Kirkley mai kamfanin Sahel Sounds ya tsinci ɗaya ya sa ta a wani faifan haɗaka a 2011, ya bi sawu ya nemo mai waƙar. Yau kamfanin Matador ne ke fitar masa da faifai.

Shi ya sa ban yarda da masu cewa fiyano ne ya kashe mana kiɗa ba. Ai shi ma da fiyanon ya fara, kuma a ƙasarmu. Bambancin kawai shi bai yar da na kakanninsa ba, ya ɗauki na zamani ya ɗora a kai. Mu kuwa ka shiga situdiyo a Zoo Road a Kano ka ce kana son mai kalangu na gaske ko mai garaya ya zauna a ɗauke shi, sai a ce maka ai akwai sautin a kwamfuta, me za ka wahalar da kanka, shi ke nan waƙa goma ta fito a sati guda duk kiɗansu ɗaya kamar uwa ɗaya uba ɗaya.

Na san abin da mawaƙi zai ce min, kuma yana da gaskiya. Zai ce malam da me zan ci abinci, na kashe kuɗi na yi waƙa na ɗora a YouTube da Audiomack, kafin gari ya waye 'yan dawunlodin sun tura ta a wayoyin mutane sun karɓi nasu ni ko ruwan leda ban samu ba, dole in koma waƙar biki da ta ɗan siyasa inda ake biya nan take. Ban ga laifin waƙar biki ba fa. Etran de L'Aïr na Agadas makaɗan biki ne tun 1995, da kiɗan bikin nan suka fitar da faifai a 2022 da 2024 suka zaga Turai da Amurka. Les Filles de Illighadad kuwa 'yan matan wani ƙauye ne a Nijar da suka fito da kiɗan tende na mata, turmi ne fa aka rufa wa fata. Shata ma ai ya yi wa masu kuɗi da sarakuna waƙa, amma har gobe ana ji. Wadda ke ci min rai ita ce waƙar da ake yi don zaɓe, ranar da aka faɗi sakamako ranar take mutuwa.

Mu masu saurare ma da namu kason. Mutum zai zuba dubu biyu a data ya ƙarar a TikTok, amma a ce ya tura wa yaron da waƙarsa ta raka shi wata guda naira ɗari biyar, sai ya ga kamar an zalunce shi.

Barmani Choge ta rasu a 2013, Ɗan Maraya Jos a 2015, Malam Maman Barka na Nijar a 2018, shi da ya tashi takanas ya je yankin tafkin Chadi ya koyo kiɗan biram, wani abin kiɗa mai tsirkiya, don kar ya ɓace. Har yanzu akwai tsofaffi masu kuntigi da gurmi da kukuma a Katsina da Maraɗi da Damagaram, ana ganinsu ranar kasuwa da wajen dambe. Wayar da ke aljihun kowane matashin mawaƙi ta isa ta ɗauke su, Sahel Sounds ta fitar da jerin faifai a 2020 waɗanda da waya aka ɗauka aka aika ta WhatsApp, kuɗin cinikin kuma ya koma hannun makaɗan. Ina jiran yaron da zai ɗauki wayarsa ya je ya durƙusa gaban irin wannan tsoho ya ce Baba, a koya min, mu yi faifai tare.